Sulallan zinariya: wane iri mai farawa zai saya, kuma wa zai saya a hannunsa in ya tashi sayarwa?

Tun da farashin zinariya ya haye dalar Amurka 3,000 kowace oza a watan Maris na 2025, ya kuma zarce 4,000 a Oktoba, maganar ta bar hannun maƙera da mata masu sayen sarƙa ta shigo bakin kowa. A guruf na WhatsApp sai ka ga an turo hoton wani sulalla mai walƙiya an rubuta wai ga ajiyar da ba ta faɗuwa, wani ya ce Dubai ake sayowa, wani ya ce Saudiyya, wani kuma ya ce duk ƙarya ce fili ya fi. Wanda bai taɓa saye ba sai kansa ya ɗaure, don sunayen sun yi yawa kuma farashin kowane daban alhali duka zinariya ce.

Yawancin masu tambaya suna cewa ne wane sulalla ya fi kyau. Amma ga mutumin da ke zaune Maradi akwai tambayar da ta riga wannan, ita ce ranar da buƙata ta taso wa zai karɓi abin nan a hannunka kuma nawa zai ba ka. Amsar wannan ce ke zaɓa maka sulallan.

Mene ne sulallan ajiya tukuna

Sulallan ajiya wani kuɗi ne na zinariya da gidan buga kuɗi na wata gwamnati ke bugawa da nauyi sananne da tsarki sananne, ba don a yi cefane da shi ba, don a ajiye. Darajarsa tana bin nauyin zinariyar da ke cikinsa ne kawai. Lambar da aka rubuta a jikinsa, kamar dala 50 da ke kan na Kanada da na Amurka, ta doka ce kawai, ba ruwanta da kuɗinsa na gaske. Mutanen Kano da Katsina kan ce sisin gwal, tsofaffi kuma kan ce fam.

Awo biyu ne sai an riƙe su. Na farko nauyi, kasuwar duniya da oza take awo, kuma ozar zinariya giram 31.1 ce. Na biyu tsarki, wato karat: 24 shi ne zalla, 22 yana nufin kashi 916 cikin 1,000 zinariya ce saura jan ƙarfe ko azurfa, 21 kashi 875 ne, 18 kuma 750. Shi ya sa giram 8 na karat 21 ainihin zinariyar da ke ciki giram 7 ce cif.

Bambancinsa da sarƙa ko awarwaro a kuɗin aiki yake. In kika sayi sarƙa, Hajiya, kin biya zinariya kin biya aikin maƙeri da yayi, ranar sayarwa kuwa sikeli kawai za a ɗora a cire duwatsu a cire ƙugiya in ba zinariya ba ce, kuɗin aikin nan ya tafi kenan. Sulalla ma yana da nasa ƙarin amma yawanci bai kai na sarƙa ba. Akwai kuma wani kashi da mai farawa ya kamata ya kauce masa gaba ɗaya, sulallan tarihi da ake tsawwala kuɗinsu don wai tsofaffi ne ko ba su da yawa a duniya. Wannan kasuwa ce ta masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka, a nan ba wanda zai biya ka kuɗin tarihi.

Me ya tayar da maganar yanzu

Dalilan waje sanannu ne. Manyan bankunan ƙasashe sun sayi sama da tan 1,000 na zinariya kowace shekara a 2022 da 2023 da 2024, musamman bayan da ƙasashen Yamma suka daskarar da ajiyar babban bankin Rasha a 2022, abin da ya sa ƙasashe da dama suka fara tunanin kada su tara duk dukiyarsu cikin dalar Amurka. Ga yaƙe-yaƙe, ga tsadar rayuwa. Har a Afirka, Zimbabuwe ta fito da nata sulallan a 2022, Gana ma babban bankinta ya fito da nasa a 2024 don mutane su samu wurin ajiya ba sai dala ba.

Dalilan gida kuwa mu muka fi saninsu. Duk wanda ya yi wayo a Janairun 1994 ya tuna yadda aka karya darajar sefa rabi a dare ɗaya, faran ɗaya na Faransa ya koma sefa 100 daga 50. Ƴan kasuwar da ke hulɗa da Jibiya da Katsina da Kano sun ga yadda naira ta zube daga Yunin 2023, wanda ya kwana da naira a buhu ya tashi da ƙasa da abin da ya ajiye. Sannan takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyaka kuma cire kuɗi a banki ya zama sai da layi da ƙayyadewa. Ga kuma zancen da ake ta yi na ko ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, za su yi kuɗinsu na kansu. Duk waɗannan sun sa mutane neman abin da za su riƙe a hannu wanda ba sa hannun wani ne ke ba shi daraja ba.

Wani abu da ake mantawa shi ne sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, ita kuma zinariya da dalar Amurka ake yanke mata farashi. Don haka in ka ji rediyo ta ce zinariya ta tashi kashi kaza, ba lallai haka ta tashi a aljihunka ba. A 2025 dala ta yi rauni gaban yuro, sai tashin da aka gani a sefa bai kai wanda aka gani a dala ba.

Sulallan da suka fi yawo

Krugerrand na Afirka ta Kudu shi ne babban yayansu, tun 1967 ake buga shi. Karat 22 ne, nauyinsa giram 33.93, amma zinariyar da ke ciki oza ɗaya ce cikakkiya, sauran jan ƙarfe ne, shi ya sa launinsa ke ɗan ja. Mutane da yawa na ganin jan nan su ce ba mai kyau ba ne, alhali haka aka yi shi don ya jure gogayya. Eagle na Amurka da aka fara a 1986 shi ma karat 22 ne kuma nauyinsu ɗaya.

Sai ƴan karat 24. Maple Leaf na Kanada mai hoton ganye, tun 1979. Philharmonic na Ostiriya mai hoton kayan kiɗa, tun 1989. Britannia na Ingila da aka fara a 1987 yana karat 22, daga 2013 aka mayar da shi zalla. Buffalo na Amurka, 2006. Waɗannan, ban da Britannia na kafin 2013, in oza ɗaya ne giram 31.1 za ka gani a sikeli. Panda na Sin kuwa a kula, tun 2016 giram 30 ake buga shi ba oza ba, to kada a sayar maka da shi a kuɗin oza.

Akwai tsofaffi guda biyu da suka fi dacewa da aljihun mai ƙaramin ƙarfi. Fam na Ingila, wanda ake bugawa a wannan siffar tun 1817, giram 7.98 ne na karat 22, zinariyar ciki giram 7.32. Sai Napoleon na Faransa mai faran 20, giram 6.45, tsarkinsa 900 cikin 1,000, zinariyar ciki giram 5.8, wani da kan sarki wani da zakara. Shi Napoleon bai shiga 21 ba bai shiga 22 ba, tsakani yake, kuma wannan kan jawo gardama wurin maƙeri don wani zai so ya lissafa maka shi a 21.

Sai wanda alhazai da masu zuwa umara suka fi gani, junaihi na shagunan Makka da Jidda da Dubai, giram 8, karat 21 ko 22, sau da yawa da hoton mahayin doki irin na fam ɗin Ingila. Mafi yawansu ba gidan buga kuɗi na gwamnati ya yi su ba, maƙera ne ke zubawa. Wannan bai sa sun zama jabu ba muddin an faɗa maka gaskiyar karat ɗin kuma an sayar maka a kan nauyi. Matsalar ita ce a sayar maka da kwafi a kuɗin na asali.

Lissafin da ya fi komai muhimmanci

Farashin da duniya ke dubawa ana tsayar da shi a Landan sau biyu a rana, kuma kowa na iya ganinsa a salula. Ka ɗauki kuɗin oza, ka raba da 31.1, ka ninka da canjin dala na ranar, ka samu kuɗin giram ɗaya na zalla a sefa. Mu ƙaddara misali oza tana dala 4,000 kuma dala ɗaya sefa 560, giram zai kama wajen jika 72, wato sefa dubu 72. Kenan oza ɗaya miliyan 2 da jika 240, fam na Ingila wajen jika 527, Napoleon wajen jika 418, junaihi mai karat 21 wajen jika 504. Misali ne fa, ranar da za ka saya sai ka sake lissafi da lambobin ranar.

Ba wanda zai sayar maka a wannan kuɗin, dole akwai ƙari, kuɗin bugawa da sufuri da ribar dillali. Kuma ba wanda zai saya a hannunka a wannan kuɗin, dole ya rage don shi ma ya ci abinci. Tsakanin biyun nan ne ribarka ko asararka take. A ce zinariyar da ke cikin sulallan ta jika 400 ce, ka saya da ƙarin kashi 8 wato jika 432, in ka juya ka sayar a ranar aka rage maka kashi 5 jika 380 za ka karɓa. Jika 52 sun tafi tun ba ka bar kasuwa ba, kuma sai farashin duniya ya tashi kusan kashi 14 kafin ka dawo da uwar kuɗinka kawai. Shi ya sa sulalla ba abin saye yau a sayar bayan salla ba ne.

To a nan zama Maradi ya bambanta da zama Paris ko Dubai. A can akwai shagunan da sana'arsu kenan, sun san Maple sun san Krugerrand, suna maido maka wani ɓangare na ƙarin da ka biya saboda za su sake sayar da shi a matsayin sulalla. A nan mai sayen da ya fi kusa da kai maƙeri ne ko dillalin zinariya, shi kuwa zai goga a dutse ya ɗiga ruwan gwaji ya ɗora a sikeli ya ce giram kaza karat kaza, don a wurinsa abin narkarwa ne. Hoton ganye ko na barewa bai ƙara masa komai ba. Kenan duk ƙarin da ka biya saboda suna, in a nan za ka sayar, kyauta ka yi. Abin da ya fi sauƙi shi ne kafin ka sayi komai ka zaga wurin masu saye biyu ko uku ka nuna musu hoton abin ka tambaya, in na kawo wannan yau nawa za ku ba ni a giram. Amsarsu ta fi duk wata talla da za ka gani a intanet.

Inda masana suka rabu

Kan 24 da 22, masu son 24 na cewa ba gardama wurin sayarwa, zalla ce, giram ɗin da sikeli ya nuna shi ne za a biya, kuma maƙera na sonta don su suke haɗa ta yadda suke so. Masu son 22 na cewa zalla laushi gare ta, ƙaramin faɗuwa ko gogayya da ɗan'uwanta sai ta yi tabo, kuma mai saye na iya fakewa da tabon ya rage kuɗi. Duka gaskiya ne. In za a ajiye cikin robarsa ba a taɓawa, 24 ta fi sauƙin lissafi a kasuwa irin tamu. In abin zai riƙa yawo a hannu ko a ɗaure a zane, 22 ta fi juriya.

Kan girma kuwa, oza ɗaya ta fi araha a kowane giram, don kuɗin buga ƙarami da babba kusan ɗaya ne, shi ya sa ɗaya bisa goma na oza, giram 3.11, ke da ƙari mai nauyi. Amma babba ba ya yankuwa. Ranar da ake neman jika 300 na asibiti ko kuɗin makarantar yara, mai oza ɗaya sai ya sayar da ta miliyan biyu duka, saura kuma in ya zama tsabar kuɗi a gida kowa ya san yadda yake ƙarewa. Mai fam huɗu ɗaya kawai zai cire. Wannan ne ya sa masu matsakaicin girma, giram 6 zuwa 8, suka fi dacewa da yawancin masu farawa.

Wasu kuma na cewa a bar sulalla gaba ɗaya a sayi ƙaramin lango, wato sandar zinariya, mai giram 5 ko 10 ko 20 na sananniyar matata, a cikin katinsa da lambarsa, tunda ƙarinsa kan fi sauƙi. Ga wanda a wurin maƙeri zai sayar, wannan hujja ce mai ƙarfi. Abin da sulalla ya fi shi da shi shi ne faɗinsa da kaurinsa da nauyinsa a rubuce suke kowa na iya aunawa, kuma a kowace babbar kasuwa ta duniya an san shi.

Ɗanyar zinariya ta ramuka, irin ta Jado ko Cibarakaten ko wadda aka yi ta rububi a kanta a wajen Ɗan Isa a 2021, wata sana'a ce daban mai nata dokoki da nata gwanaye. Tsarkinta ba tabbas sai an narka, kuma nan ne aka fi yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa.

Jabu

Gwajin dutse da ruwa fatar abin kawai yake gani. In an yi wa wani ƙarfe rufi mai kauri zai iya wucewa. Maganaɗisu ba ya kama zinariya, to in ya kama an gama magana, amma rashin kamawa ba shaida ba ce don jan ƙarfe da darma ma ba ya kama su. Abin da ya fi kama ɓarawo shi ne a haɗa nauyi da girma, saboda zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19.3, ta fi darma nesa ba kusa ba, don haka jabun da ya cika nauyi sai ya fi faɗi ko kauri. Maple na oza ɗaya milimita 30 ne faɗinsa, Krugerrand kusan 32.8, fam 22, Napoleon 21. Ƙaramin sikeli mai nuna ɗigo biyu bayan giram da ma'aunin milimita ba su da tsada in aka kwatanta da abin da za su kare.

Ƙarfe ɗaya ne ke iya tsallake wannan, tungusten, don nauyinsa kusan daidai yake da na zinariya. An fi samunsa cikin manyan lango da sulallan oza, ƙanana sirara sun fi wuyar yi da shi. Maganinsa saye daga wanda ke da shago tsayayye, a karɓi resi mai nauyi da karat da kwanan wata, kuma a yi sharaɗi tun farko cewa zai karɓa in an dawo da shi. Duk wanda ya kawo maka ƙasa da farashin duniya yana cewa matsuwa ce ta kama shi a yi sauri, ka tuna araha ba ta ado, babu dalilin da zai sa ya wuce maƙera ya zo wurinka.

Haka masu cewa ka turo kuɗi ta salula su saya maka su ajiye suna ba ka riba duk wata. Zinariya ba ta haihuwa, ba ta biyan haya, to ribar wata daga ina take fitowa in ba daga kuɗin wanda ya shigo bayanka ba?

Ɓangaren addini

Malamai sun yi bayani cewa cinikin zinariya da kuɗi hannu da hannu ake yi, a ba ka a majalisin da ka biya, ba bashi ba jinkiri. In kuma zinariya za a canza da zinariya sai nauyi ya yi daidai, shi ya sa mai son ya mayar da tsohuwar sarƙa sulalla ake ce masa ya sayar da ita tukuna ya karɓi kuɗinsa sannan ya saya. Namiji an hana shi sanya zinariya ne, ba a hana shi mallaka ba.

Zakka kuwa nisabi miskali 20 ne, wanda aka fi lissafawa giram 85, a fitar da ɗaya bisa arba'in in shekara ta zagayo. Sulalla uku na oza sun haye nisabi, Napoleon 15 ma haka, kuma ana haɗa ta da sauran kuɗin da mutum ke da su. A mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sawa ba a fitar musu, amma sulallan ajiya ana fitarwa. To wanda ba ya da wata hanyar samun kuɗi sai ya san cewa kowace shekara daga jikin ajiyar zai cire.

Zinariya, ko rago, ko buhun aya

Masu cewa ba ta faɗuwa ba su duba tarihi ba. A Janairun 1980 ta kai dala 850, ta sauko har ƙasa da 300 a ƙarshen shekarun 1990, ba ta sake ganin 850 ba sai 2008. A 2011 ta kai wajen 1,900, a ƙarshen 2015 tana wajen 1,050, sai 2020 ta dawo. Wanda ya saya a ƙololuwa saboda kowa na magana ya jira shekara tara, na 1980 ya jira 28.

Ajiyar da muka gada tana da nata amfani. Tunkiya na haihuwa, ragon kiwo na kawo riba kafin layya, wake da aya da gujiya in an saya da kaka kan tashi da bazara, fili na iya zama gida. Amma dabba na ci tana ciwo ana sace ta, hatsi ƙwari na ɓata shi kuma shekarar da kasuwa ta juya sai a sayar ƙasa da yadda aka saya, fili kuma ga rikicin takardu ga wuyar sayarwa da gaggawa. Zinariya ba ta ci ba ta ruɓa, ta miliyoyi na shiga aljihu, kuma darajarta ɗaya ce a Maradi da Yamai da Kano da Jidda. Aikinta riƙe daraja ne na dogon lokaci, ba juya kuɗi ba. Ɗan kasuwar da jarinsa ke juyawa sau da yawa a shekara in ya kwashe ya sa a sulalla ya kashe kasuwarsa ne. Wanda ke da bashi a kansa, ko bai da abin da zai riƙe gida na ƴan watanni, ko zai ci bashi ya saya, bai kai lokacin saye ba tukuna. Wanda ke da rarar da ba zai nema ba nan da shekara biyar, shi ne zai iya ware wani kashi, kuma gara ya saya kaɗan-kaɗan a lokuta daban maimakon ya zuba duka rana ɗaya.

Tashin farashin ya taɓa har waɗanda ba su taɓa tunanin sulalla ba. Kayan aure sun ƙara nauyi, iyaye na komawa karat 18 ko giram kaɗan, mata masu tsohuwar zinariya kuma na samun masu zuga su su sayar. Mai sayarwa ita ma lissafin nan na sama ne zai kare ta, ta san kuɗin giram na ranar da karat ɗin kayanta kafin ta fita gida.

Ajiya, hanya da gado

Abin da ya sa zinariya ta yi daɗin ɗauka shi ne ya sa ta yi daɗin sata, kuma da halin da ake ciki na ƴan bindiga a wajen Madarunfa da Gidan Runji, labarin cewa wane na da zinariya a gida haɗari ne ga shi da iyalinsa. Ba abin ɗauka hoto a sa a status ba ne. Wanda zai sayo daga Dubai ko Saudiyya kuma ya tambayi duwan, wato kwastan, ƙa'idar shigowa da ita kafin ya tafi, ya riƙe resinsa a jiki, ya kuma sa kuɗin da zai biya a hanya cikin lissafin ƙarin, don sau da yawa arahar can a nan take ƙarewa.

Ɓoyewa kuma kada ta wuce gona da iri. A rubuta adadi da nauyi da karat da inda aka ajiye, a bar takardar wurin mutum ɗaya amintacce, in akwai na amana ko na marayu a ciki a rubuta sunan mai shi daban, saboda ranar rabon gado abin da aka gani aka kuma shaida shi ake rabawa.